Auren da na haɗa ya cinye wasiyyar Kawu

Edita, sallama irin ta addinin Musulunci gare ka da masu karatu. A shekarun da zan ba da labarinsu, in ka sauka tashar Wurno ka tambayi wanda ya fi kowa iya haɗa aure daga nan har Goronyo, ba sai an kama suna ba, da leɓe za a nuna maka ni. Sana'ata dillancin albasa da tafarnuwa, amma nakan ce wannan ta neman abin sawa a baki ce kawai, ainihin baiwar da Allah ya yi mini ita ce in dubi mutum biyu in san sun dace. Na sha faɗi a teburin mai shayi cewa da za a tara 'ya'yan da aka haifa a aurarrakin da na ƙulla, sai an yanka musu ƙaramar hukuma tasu da ciyaman da kansiloli. Gaskiyar magana aurarrakin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, ɗaya ma ko babbar salla bai kai ba. Amma ni mutum ne da in na ga albasa mai girman dunƙulen hannu, kafin in kai kasuwa ta zama kan jariri, kafin in koma gida kuma sai mutum biyu sun kama ake ɗora ta a mota. Mutane sun san ni da haka, suna dariya, ni kuma na ɗauki dariyar a matsayin shaidar cewa ina da hankali. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata tsohuwa da ta rasa ɗakinta saboda bakina, kuma har yanzu in na tuna sai in ji kamar an tuɓe mini riga a tsakiyar kasuwa.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, a wani ƙauye kusa da Tursa. Manomi ne na gaske, gero da dawa da wake a tudu, albasa a fadama in rani ya yi. 'Ya'yansa uku, namiji ɗaya da ke aikin gwamnati a Sakkwato, da mata biyu da ke gidajen mazansu. A bayan gidansa akwai wani ɗan sashe mai ɗaki ɗaya da madafi da ƙofarsa daban da ke fita lungu, katanga ta raba shi da babban gida. A nan wata baiwar Allah take zaune, muna ce mata Inna. Ba 'yar uwarmu ba ce ta jini. Matar aminin Kawu ce, wanda suka yi noman fadama tare tun suna samari. Wata shekara ruwa ya yi ambaliya ya kwashe gidansu har da rumbu, mijin bai daɗe ba bayan nan ya rasu, ga shi Allah bai ba ta haihuwa ba. Matar Kawu ce da kanta ta ce ba za ta iya kallon matar nan tana rakuɓe a gidajen mutane ba, a gyara mata sashen baya. Haka aka yi. Inna ta zauna tana daddawarta tana sayarwa, ta shuka zogale da yakuwa da kuɓewa a ɗan filin da ke jikin ɗakin, ta ɗaure awaki, ba ta taɓa roƙon kowa gishiri ba.

Bayan matar Kawu ta rasu, ɗansa ya biya masa kujerar Makka. Kun san al'adar dattawanmu, mai shirin aikin hajji ba ya barin magana a rataye. Ana gab da tafiya Kawu ya kira tsohon limamin ƙauyen da abokansa biyu, ya zaunar da su a zaure, ya ce su zama shaida, in ta Allah ta kasance a kansa, can ko nan, sashen baya da ɗan filin da ke jikinsa na Inna ne, kada wanda ya tashe ta. Liman ya auna abin da Kawu ya mallaka, ya ce wannan bai kai sulusin dukiya ba, wato kashi ɗaya cikin uku da shari'a ta yarje wa mutum ya yi wasiyya da shi, don haka babu magajin da ke da ikon hanawa. Ina wurin, ni nake zuba shayi, ina ta tsokanar Kawu cewa a jirgin sama za shi ba a raƙumi ba, ya daina yi mana bankwana kamar mai tafiya yaƙi. An sanar da ɗansa, ya ce madalla, abin da mahaifiyarsa za ta so ke nan. Kawu ya je ya dawo lafiya da haƙorin Makka da jan rawani, wasiyya ta zauna inda aka aje ta, kowa ya kwana da saninta. Da na bar al'amarin nan yadda na same shi, da yau Inna na ɗakinta tana tsinkar zogalenta.

To, sai idona ya faɗa kan wani kwano. Tun da matar Kawu ta rasu, Inna ke dafa masa abinci. Saboda kunya da tsare mutunci ba ta shiga babban gida, shi ma ba ya leƙa sashenta. In ta gama tuwo sai ta ɗora kwanon a kan katanga ta yi gyaran murya, shi kuma ya zo ya ɗauka, in ya cinye ya mayar da kwanon wurinsa da goro a ciki. Ranar da na fara ganin haka na yi dariya har hulata ta faɗi. Na ce wa Kawu ai wannan kwano ya fi su morewa, shi kullum yana gida biyu, masu shi kuwa suna gwauranci kowa da bangonsa. Ya ɗaga sandarsa ya ce in tashi in ba shi wuri, marar kunya. Amma na ga gefen bakinsa ya motsa, ni kuwa da wannan nake gane ciniki zai faɗa. Daga ranar na ɗaura ɗamara. Duk zuwan da zan yi sayen albasa a yankin sai na biya, in zauna wajen Kawu in ce Inna ta ce furfurarsa ta fi ta hakimi kyau, in zagaya ta lungu in ce wa Inna Kawu ya ce tun da aka halicci daddawa ba a yi irin tata ba. Babu wanda ya faɗi ko ɗaya a cikinsu. Na ɗauki abin wasa ne mai lada, ina cewa sunna nake rayawa.

Kawu ya riga ta saukowa, don kaɗaici ya fara cin sa, ga ciwon gwiwa, ga dare da ba mai miƙo masa ruwa. Inna ce ta ba ni wahala. Ta ce ita ta tsufa da lalle, ta ce mi za a ce da ita a gari, ta ce matar gidan ƙawarta ce kuma ita ta rufa mata asiri, da wane ido za ta dube ta ranar gobe ƙiyama. Na kawo mata hujjoji har da waɗanda ban san inda na samo su ba. Daga ƙarshe ta yi ta juya ƙullin daddawa a hannu, sannan ta tambaye ni abin da ya kamata ya tsayar da ni. Ta ce in ta ƙetare katangar nan, ɗakinta fa, yana nan a nata kamar yadda Alhaji ya faɗa gaban liman, ko kuwa maganar za ta sake? Na buɗe baki na ce haba Inna, mai ɗaki ɗaya za ta zama mai gida sukutum tana tambayar ɗaki, ai yanzu ma abin zai ƙara ƙarfi, ga wasiyya ga aure, riga biyu ke nan a lokacin sanyi. Na rantse mata da cewa na san shari'ar nan kamar yadda na san farashin albasa. Ni da iyakar karatuna bai wuce abin da zan yi salla ba. Ta dube ni ta ce to, tun da ni ɗanta na faɗa.

Shi ma Kawu sai da ya yi irin wannan tunani. A lokacin tsohon limamin da ya shaidi wasiyyar ya riga mu gidan gaskiya, wanda ya gaje shi yaro ne da ya dawo daga karatu, bai san da maganar ba. Ana saura kwanaki kaɗan ɗaurin aure Kawu ya ce mini yana so mu je wurin sabon liman ya maimaita masa batun sashen baya, a ji ko akwai abin da za a gyara tun da al'amari zai canza. Na hana shi. Na ce wa ya taɓa kai maganar likkafani wurin ɗaurin aure, in gari ya ji sai a ce amarya gado ta biyo, a ɓata wa tsohuwa suna a banza. Na ce ya bari a gama biki, ni da kaina zan kai shi. Ya ce to. Biki ya wuce, damina ta zo, aka shiga noma, aka fita, kaka ta yi, ban sake tuna maganar ba. Sau ɗaya ya ƙara taɓo ta muna zaune a gindin darbejiya, na ce Kawu kai da za ka binne mu duka ka yi mana addu'ar arba'in, ina kake gaggawa. Ya yi dariya har haƙorin Makka ya fito. Wannan dariya ita ce ta rufe maganar har abada.

Akwai kuma ɓarna ta biyu da na yi, wadda a lokacin ban ɗauke ta ɓarna ba. Ɗan Kawu taubashina ne, ɗan mace da ɗan namiji, tsakaninmu akwai wasa tun muna yara, kuma al'ada ta ba ni damar in faɗa masa abin da na ga dama ba ya da ikon fushi. Shi mutum ne mai shiru-shiru, mai son a yi komi bisa tsari. Maimakon in je Sakkwato in zauna da shi a matsayinsa na babban ɗa, sai da aka sa rana na kira shi a waya ina ƙyaƙyata dariya, na ce ya zo ya gaida sabuwar uwarsa, ya taho da turmin atamfa, kuma ya shirya ragon suna don wataƙila ya samu ƙane. Ya ce yaushe aka yanke wannan ba a gaya masa ba. Na ce ai manya ba sa shawara da yara. Duk da haka ya zo. Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a, ɗan yayan Inna da ke Gandi ya zo ya yi mata walicci. Da aka shafa fatiha, jama'a cike da ƙofar masallaci, na miƙe na ce a taya taubashina murna, yau an sauke masa nauyi, don shi dai iyakar ciyar da ubansa ita ce ya kira waya ya tambaya ko an ci abinci, tuwo kuwa sai dai ya fito ta kan katanga. Wuri ya ɗauki dariya. Mutumin da ya biya wa ubansa Makka, yake aiko da magani duk wata. Ya yi murmushi kamar yadda al'ada ta tilasta masa, ya shiga motarsa kafin a raba goro. Daga ranar yaran ƙauyen suka sa masa suna mai gaisuwar waya, har ya zamana in ya zo ba ya kwana.

Don in cika aikina, washegarin biki na ari diga na fasa katangar nan da hannuna, ina waƙa, mata na guɗa. Na ce daga yau kwano ya yi ritaya. Daga baya Kawu ya sa aka rushe sauran bangon, aka toshe ƙofar lungu don tsaro, gida ya zama ɗaya. Ba zan ɓoye ba, sun ji daɗin zamansu. Kawu ya yi ƙiba, ya bar tari, za ka same su da yamma a tabarma ɗaya tana ɓare masa gyaɗa suna gardamar shekarar da aka yi fara. Inna ta ci gaba da kwana a tsohon ɗakinta in ba ta da lafiya, ta ce ƙashinta ya saba da shi. Ni kuwa kaina ya ƙara girma har hula ta daina shiga. A kasuwar Goronyo na ce na aurar da mai shekara ɗari da ashirin, a ta Wurno na ce amarya sai da aka ɗauko ta a kujera. Duk wanda ya musa mini wani abu sai in ce ya je Tursa ya ga aikina.

Damina uku suka yi tare. A ta huɗu Kawu ya kwanta ciwo, Inna ta yi jinyarsa yadda ko 'yar cikinsa ba za ta yi ba, har Allah ya karɓi abinsa. Ta shiga takaba a ɗakin nan nata. Da ta fita aka sa ranar rabon gado, aka ɗauko wani malami daga Rabah da ya saba da wannan aiki. Na zo da babbar rigata ta salla, na biya na ɗauko dattawan nan biyu da suka shaidi wasiyya, na zaunar da su a gaba kamar na kawo kayan da babu irinsu a kasuwa. Kafin malam ya gama bismilla na ce a fara cire na Inna tukuna, ga shaidu nan da ransu. Suka faɗi abin da suka ji, babu ragi babu ƙari, taubashina ma ya ce haka ne, an gaya masa tun lokacin. Na gyara zama ina kallon jama'a. Malam ya tambaya a hankali ko matar da aka yi wa wasiyyar ita ce wadda ta fita takaba. Na ce ita ce, kuma ni na haɗa auren. Ya dube ni ya ce to, Allah ya ba da lada, sai dai wasiyyar ta faɗi. Ya yi bayani yadda kowa zai gane. Ba a yi wa magaji wasiyya, don Allah ya riga ya yanka masa rabonsa. Kuma ba a duba ranar da aka yi wasiyyar, ranar da mai ita ya rasu ake dubawa. Lokacin da Kawu ya yi magana a zaure Inna maƙwabciya ce, wasiyya ta hau kanta daidai. Ranar da ya cika kuwa matarsa ce, magajiya, rabonta tumuni, kashi ɗaya cikin takwas tun da akwai 'ya'ya. Abin da ya wuce nan ba ta da shi, sai in magada sun yarda sun bar mata don kansu.

Ban taɓa jin rigata ta yi mini nauyi irin na ranar ba. Na fara gardama, na ce ai aure ƙari ne ba ragi ba, malam ya bar ni na gama, sannan ya ce da marigayi ya zo ya tambaya yana da rai da lafiya, da zama ɗaya ya isa. Sai ya ba ta sashen kyauta gaban shaidu, ta karɓa ya zama a hannunta, ya fita daga dukiyarsa tun yana numfashi, babu mai sake taɓa shi. Ya ce abin mamaki ne dattijo mai tsantseni kamar wannan bai nemi fatawa ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya juyo ya dube ni, don Kawu ya taɓa gaya masa wanda ya hana shi zuwa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Magana ta koma hannun taubashina, don ƙannensa mata shi suke kallo. Na ja shi bayan rumbu, karon farko a rayuwata na yi masa magana ba wasa a ciki. Na roƙe shi, na kama gwiwarsa, na ce laifina ne, kada tsohuwa ta biya. Ya saurare ni har na ƙare. Ya ce shi bai taɓa ƙin wasiyyar ubansa ba, da Inna na nan a matsayin maƙwabciya da shi zai fara tsaya mata, ko bulo ɗaya ba za a taɓa ba. Ya ce ni na mayar da ita matar ubansa ban tambaye shi ba, ni na tsaya ƙofar masallaci na gaya wa duniya ba ya ciyar da mahaifinsa, har 'ya'yansa sun ji sunan da ake kiransa da shi. Yanzu kuma da shari'a ta ba shi haƙƙinsa, ni ne zan zo in koya masa kirki? Ya ce yana da yara a makaranta, ƙannensa na da buƙata, ga wanda ke son sayen gidan gaba ɗaya, kuma babu mai sayen gida da tsohuwa a tsakiyarsa, tun da wani gwani ya rushe katangar da ta raba. Ba zai ci mata ko ƙwayar gero daga tumuninta ba, amma ba zai ƙara ba. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Na nemi abin dariya da zan faɗa in sassauta shi, kaina ya zama fanko.

Tumunin bai kai darajar sashen da filinsa ba. Ƙaramar 'yar Kawu ta yi kuka ta ce ta bar nata kason na ɗakin, amma nata kaɗai bai isa ya tsayar da ciniki ba. Inna ta ce kada a yi rigima a kan kabarin mijinta saboda ita. Aka ba ta rabonta a awaki da hatsi da ɗan abin da ya sawwaƙa, ɗan yayanta ya zo daga Gandi da a-kori-kura ya kwashe ta. Ban je rakiya ba. Na ce ina da lodi a Kwargaba, alhali ina kwance a ɗaki na ce wa iyalina kaina ke ciwo. Abin da ya ƙara mini kunya, wanda ya sayi gidan ɗan kasuwar albasa ne da nake yi wa dillanci. Ya sare zogalen, ya fasa tagogi a ɗakin Inna don iska, ya mayar da shi wurin ajiya. Da kakar albasa ta zo sana'a ta tilasta mini shiga ɗakin nan ina duba buhuna, ga ƙusar da take rataye carbinta tana nan a bango. Da farko in an tambaye ni sai in ce taubashina ne azzalumi, boko ya cinye masa imani, har na fara ƙara wa labarin gishiri yadda na saba. Wata rana ina cikin faɗi na ji muryata da kunnena, na ji ƙyamar kaina, na yi shiru a tsakiyar magana. Tun daga nan ban sake ɗora masa ba.

Abin da na koya, kuma shi ya sa na rubuto, wasiyya ba dutse ba ce da za ka aje ka dawo bayan shekaru ka same ta yadda ka bar ta. Tana tafiya da rayuwar mai ita. Aure na taɓa ta, saki na taɓa ta, haihuwa da mutuwar wani a cikin dangi na iya mayar da bare magaji ko su fitar da magaji daga gado, ko gini ka rushe ko gona ka sayar ka taɓa ta. Duk wanda ya yi wasiyya sannan wani babban abu ya sauya a gidansa, ya koma wurin malamin da ya san fannin, ya kira shaidunsa, ya sake tambaya tun yana da lafiya. Wanda yake son ya rufa wa wani asiri da ɗaki ko gona, ya tambaya ko kyauta ta fi masa wasiyya. Ku kuma 'yan uwana masu baki, masu sa mutane dariya, in dattijo ya kawo maganar mutuwarsa kada ku kashe ta da barkwanci don ku ba kwa son jin ta. Ba tsoro ne ke sa shi faɗi ba, gyara yake son yi. In an tambaye ku abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ba a kama kowa a kan haka. Kuma wasan taubashi yana da iyaka, don wanda al'ada ta hana shi fushi a fili ba ta hana zuciyarsa ajiya ba.

Sai da shekara ta zagayo na iya tattara ƙarfin hali na je Gandi, ranar kasuwa, da buhun shinkafa da goro. Na same ta a wani ɗan ɗaki a ƙarshen gidan ɗan yayanta, rabinsa an jibge buhunan wake, rufin ya yi baƙi inda ruwa ke zuba. Ta rame, amma ta tarbe ni da fara'a, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka dama mini fura. Na durƙusa na nemi gafara, ta ce ta yafe tun tuni, Alhaji ya riƙe ta da mutunci, ba ta da abin cewa. Da na ji haka sai zuciyata ta yi sanyi, bakina kuma ya kwance. Na ce ta shirya kayanta, zan gina mata ɗaki a gidana na Wurno, na bulo da kwano, da siminti har waje, da fanka mai aiki da hasken rana, ɗakin da matar gwamna in ta gani sai ta nemi a ba ta haya. Na ce ta bar komi a hannuna, na riga na tsara yadda za a yi. Ta bar ni na kai aya, tana kallon buhunan wake, sannan ta gyara lulluɓinta ta ce:

"Ɗana, wanga ɗaki yana yoyo, ban musa ba. Amma ba kai kas samo mani shi ba, shi ya sa nike samun barci."